Kwalin da Doguwa Ke Maidowa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Mai Fure, gidanta ya cika da maƙaryata. Duk masu ƙaunarta ne, shi ya sa ƙaryar ta fi ciwo. Matar nan ta yi rabin rayuwarta tana murza kwaɓin sukari tana mai da shi furannin da ake jerawa a kan kek ɗin biki, har sunanta na yanka ya ɓace a layinsu. Yanzu ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun dama ya ce bai san zance ba. In ta murza kunnen fure, maimakon ya fito shara-shara har a ga inuwar yatsa ta bayansa, sai ya fito da kauri kamar tafin takalmi. 'Ya'yanta su ɗauka su ce ai ya fi na da kyau. Surukarta har hoto take ɗauka. Ita kuwa ba yabo take nema ba. So take ta san ko hannun nan zai sake yin aiki, ko kuwa ta tattara kayan sana'ar ta bayar.

Ana haka sai ga Doguwa, mai shagon kek na tsallaken titi. Shekara da shekaru suna ƙwacen masu saye, gaisuwarsu ma da ka ake yi. Ba dubiya ta zo ba, don ko lemo ɗaya ba ta riƙo ba, ga gari har gwiwar hannu. Ta leƙa farantin da furannin ke bushewa, ta taɓe baki, ta ce wannan ai kabeji ne. Sannan ta dire wani farin kwali a kan tebur. Ta ce bikin autarta na nan tafe, gashin kek ba ta tsoron kowa, amma fure kam ta san hannunta bai taɓa kama ƙafar na Mai Fure ba.

"Ki cika ki aiko. In bai yi ba, zan maido miki abinki."

Mai Fure ta yini tana huci. Washegari ta kwaɓa sukari.

Maigidanta, tsohon direba da ya ajiye aiki, shi ya zama ɗan aike. Ya rungumi kwalin ya tsallaka titi a hankali kamar mai ɗauke da jariri, bai jima ba ya dawo da shi yadda ya tafi. Doguwa ta ce kauri. Karo na gaba ta ce bakin kunnuwan ya tsattsage. Wani karon ta ce wayar da aka ɗaura furen a kai ta leƙo, ko so ake baƙi su tafi asibiti? Shi kuwa maigida bai ga asara ba. Kullum sai ya zaɓi fure guda ya zare wayar ya jefa a kofin shayi, yana juyawa yana cewa Allah Ya ƙara wa Doguwa tsanani.

Ta yi kuka, ba sau ɗaya ba. Ta kira Doguwa da sunayen da ba za a maimaita ba. Amma haushin ne ke tashinta da safe. Ta naɗe ƙotar ƙarfen murjin da tsumma har ta yi kaurin da yatsunta za su iya riƙewa. Ta koya wa hagu juya kunnen fure, dama kuwa dannawa kawai aka bar mata. Ta riƙa kwantar da kunnuwan a ramukan kiret ɗin ƙwai don su bushe a lanƙwashe, ta shafa musu kala da ɗan burushi, jan ya yi duhu a ciki ya dusashe a baki. Ranar da babbar 'yarta ta ɗauki mayafi za ta je ta wanke Doguwa tas, Mai Fure ce ta tare ƙofa. Ita kanta ta yi mamaki. Sai a lokacin ta gane cewa duk layin nan mutum ɗaya ce ke kallonta a matsayin mai sana'a, ba majinyaciya ba.

Ana jibi biki maigida ya dawo fuska a murtuke. Ya ajiye kwalin, ya zauna, ya ce a miƙo masa gwangwanin sukari, tunda yau an yanke masa hanyar abinci. Mai Fure ta buɗe kwalin. Babu komai ciki sai ɗan garin sitaci a kusurwa. Ta daɗe tana kallon kwalin nan, har sai da ya ce Doguwa na jiranta, wai ta zo ta jera da kanta.

Kek ɗin na tsaye a ɗakin baya na shagon, hawa uku, fari fat, furanninta na gefe a kan faranti. Mai Fure ta wanke hannu ta goge sosai, ta fara sokawa daga sama tana gangarowa, manya a tsakiya, ƙanana na bin gefe. Hannun na ɗan rawa, amma yana zuwa inda ta aike shi. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa ta inda za ta fara.

"Yaya," in ji ta, sunan da ba ta taɓa kiran Doguwa da shi ba, "Allah Ya saka miki da kika riƙa maidowa."

"Matsa baya in kuka za ki yi. Danshi na narka sukari." Ita ma Doguwar sai wani goge ido take da bayan hannu, wai gari ne ya shiga.

Saura fure ɗaya a farantin. Mai Fure ta ɗaga shi saitin taga, ta juya shi, ta ga kunne guda da haske bai ratsa ba. Doguwa ta ce ta sa kawai, ai ya wuce, ba mai lura.

"A wurinki ya wuce," in ji Mai Fure. "Wannan bai yi ba."

Ta zare wayar, ta sa furen a kwali, ta miƙa wa maigida da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce ya je ya ɗora ruwan shayinsa.