Miyar Ranar Alhamis

Shekara talatin da ɗaya Raimo Kettunen yana rufe madubin hangen nesa a ƙaramar masana'antarmu da ke bayan garin Oulu, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya jera gilasan, ya hura busasshiyar iska a ciki, ya ɗaure bakin. Ni kuwa, Tuulikki, ni ke gwada su a ɗakin duhu kafin a aika wa sojojin da ke gadin iyakar arewa.

Da sanyin bana ya kankama sai ga akwati an dawo da shi. Madubai goma sha huɗu, duk sun yi raɓa daga ciki. Soja ya ɗora ido don ya hango mutum a dokar daji, sai ya ga hazo. Manajanmu Veikko, mutumin kirki ne amma da garaje, ya kira Raimo ofis ya ce masa shekaru ba ƙarya ba ne, ya yi tunanin hutawa a ƙarshen wata.

Abin da ya fi ci mini rai, Raimo bai yi musu ba. Ya yarda hannunsa ne ya fara rawa. Mutumin da ke tsokanar kowa ya koma cin abinci shi kaɗai, yana riƙe kofin kofi da hannu biyu.

Na ɗauki madubin na duba ranar da aka rufe kowanne. Alhamis. Na biyu ma Alhamis. Kafin in kai na biyar gabana ya faɗi, don kowa a ƙasar nan ya san abin da ake ci ranar Alhamis: miyar koren wake da fanke. Kuma ni ce sarkin iyayi da na ce ta gwangwani ba miya ba ce. Tun lokacin kaka na kawo ƙatuwar tukunyar uwata, nake barin ta tana tafasa daga safe har azahar a ɗan kicin ɗinmu, ƙarƙashin bututun da ke kai iska ɗakin Raimo. Ashe tururinta ne ke bin bututun, a rufe shi cikin madubin.

Kwana biyu ina fama da kaina. In na yi shiru, ba mai ganewa. Ranar Alhamis na ɗora tukunya kamar kullum, na jawo Veikko gaban ma'aunin laima da ke ɗakin Raimo, na ce ya tsaya ya kalla. Allurar ta yi ta hawa.

"Ni ce," na ce masa. "In kora ce, ga ni."

Veikko ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce a mayar da tukunya rumfar kekuna, a sake rufe madubin, a rubuta wa sojoji gaskiya.

Muka fita tare da Raimo. Ya miƙe hannuwansa a gabansa ya zuba musu ido. Ko motsi ba su yi ba.

"Ke dai muguwa ce, Tuulikki," ya ce. "Har na ba jikana kayan aikina. Yanzu da wane ido zan je in karɓo?"

"Da wanda ka yi shekara talatin da ɗaya kana aiki da shi."

Da yamma na hango shi a tashar bas, yana waya da jikan.