Laka a Kan Rufi

Apollos yana kan tsani da bokitin laka a hannu lokacin da matarsa Liyatu ta fito tsakar gida.

"Baban Peculiar, lafiya? Rufin da muka ci bashi a kansa kake shafa wa laka?"

Ya ɗebo laka ya ƙara shafawa. Rufin nan ba kwano ba ne, gilashin sola ne tun daga wannan kusurwa har waccan, an gina shi tare da gidan don kada ɓarawo ya kwance. Injiniyan da ya kafa shi ya rantse cewa cikin shekara takwas zai biya kuɗin kansa. Ya lissafa tsadar fetur, ya lissafa gyaran janareta, har da haƙurin jiran NEPA. Faɗuwar Mubi a hannun 'yan bindiga ce kawai bai lissafa ba.

Tun da labarin ya iso Jimeta, rabin unguwarsu ta Bekaji ke ɗaure kaya. Maƙwabta suna ɗora janaretocinsu a keke, waɗannan janaretocin da Apollos ya sha yi wa dariya. Shi nasa arzikin ba ya shiga keke. Ga shi kuma yana walƙiya da rana kamar mai kiran baƙi.

Maƙwabcinsa Lado ne ya leƙo ta katanga da safe ya ce, "Oga Apollos, an ce yaran nan in sun shiga gari, gida mai ƙyalli suke fara nema. Sun ɗauka na soja ne."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Apollos yana da digiri, ya san darajar "an ce". Duk da haka ya kwaɓa laka, ya shafe rufin tas.

Washegari da hantsi akwatin batirin ya fara kuka, can kuma ya yi shiru. Fanka ta tsaya. NEPA kuwa tun makon jiya ba a ga ƙeyarta ba.

Liyatu ta miƙo masa wayarta. 'Yarsu Peculiar tana karatu a Mubi. Sau ɗaya ta kira, da wayar wani manomi, ta ce suna cikin daji a ƙafa, takalminta ya tsinke, za ta sake kira in ta samu hanya. Lambar uwarta kaɗai ta haddace. Yanzu cajin wayar ya koma ja, ta Apollos kuma ta mutu tun asuba.

"Na je wajen mai caji, ya rufe shago ya tafi garinsu," in ji ta. "Lado ma ya tura janaretansa Ngurore. In ta kira ta ji a kashe, me za ta ɗauka? Cewa mun gudu mun bar ta?"

Apollos ya ɗaga kai. Lakar ta bushe ta yi kyau, gidan ya zama kamar na kowane talaka, babu abin da zai ja idon mai bindiga. Aiki ne mai inganci. Daga wajen titi ya ji ƙarar babura, ya tsaya har ƙarar ta wuce.

"Kawo tsumma," ya ce. "Da ruwa."

Lado ya sake leƙowa ya gan shi a sama yana dirza. "Oga! Za su hango ka tun daga gada!"

"Na sani," in ji Apollos, yana ta dirzar gilashin. "Maman Peculiar, jona wayar. Ki gaya mini in ta kama."