Karofin Madu

A shekarar da Buzaye suka yi ta sayen turkuɗi, yadin da aka rina da shuni, a kasuwar Bici, Madu ya yanke shawara ya daina noman gero. Babarbare ne, kakansa fataucin kanwa ya kawo shi Watari, amma shi fartanya ya tashi ya sani. Gonarsa ɗaya. Ya shuke ta da baba, tsiron da ake yin shuni da shi, tun daga kan iyaka har bakin rafi.

Matarsa Yakaka ta ce, "Malam, ko kunya goma ka bar wa gero."

Ya ce, "Mai rini ba ya rasa gero."

Baba ya yi kyau. Ya yanke, ya daka, ya dunƙula shuni kwando huɗu. Ya haƙa karofi, ramin rini, a bayan gida, zurfinsa ya wuce tsayin mutum. Saura shafe. Marina da laso suke shafe rami, laso kuwa sai da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin tsohon karofi. Mai sabon rami yakan ɗauki goro ya je ya durƙusa wa Sarkin Marina ya roƙa. Sarkin Marinan Bici kuwa Zailani ne, wanda Madu ya girme da shekara bakwai.

Madu bai je ba. Ya ce rumbu nawa ya shafe da hannunsa, ruwa bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Ya kwaɓa yumɓu da makuba, ya shafe ramin sumul. Da ya bushe ya cika shi da ruwa, ya zuba toka, ya juye shunin duka.

Kwana uku yana motsawa da muciya. Ran na huɗu ya ga ruwan ya sauka taƙi guda. Ya ƙara. Washegari ya sauka kamu guda. Ya ƙara, bai gaya wa kowa ba. Ran na takwas ya tsoma farin ƙyalle, ya matse, ya shanya. Ƙyallen ya fito kamar an wanke shi da ruwan toka. Yashi ya shanye shunin.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa hula, ya ƙulle goro biyar, ya kama hanyar Bici.

Zailani ya tare shi kafin ya kai ƙasa. "Haba Yaya Madu, tashi. Katsi ai ga shi can tari, ko kaji ba sa ci. Ɗebi son ranka. Shuni kwando nawa ya rage maka?"

Madu ya ce, "Ko ɗaya."

Zailani ya ce, "To. Sai baɗi ke nan."

Da la'asar ya iso gida da buhu a ka. Yakaka ta taso da sauri da ƙwarya tana zaton gero ne, ta taya shi saukewa, ta kwance bakin buhun. Ta zura hannu, ta fito da baƙin garin katsi. Ta dube shi.

Ya ce, "Ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba."