Kalmomi Goma Sha Biyu na Marwan

Marwan ya haɗa kwamfutar haƙar kuɗin intanet da ake kira kirifto a zaurensa da ke Sabon Birni, ya ɗora mata sola a kan rufi, ya saita ta yadda ko ta mutu za ta tashi da kanta in rana ta fito. Ya ce wa maƙwabcinsa, Malam Is'haƙa, ba ta bukatar kowa a kanta. Abin da take tarawa yana shiga wani asusu da ba ya buɗuwa sai da kalmomi goma sha biyu na Turanci. Bai rubuta su ba, don masu tare hanya suna binciken waya da aljihu. A ka ya riƙe su.

Ranar Laraba ya tafi Tozai ɗauko mahaifiyarsa, 'yan bindiga suka harbe shi tun kafin ya isa. Da azahar aka kawo shi a babur, wani na tallafe da shi ta baya. A asibiti aka ce sai Sakkwato, hanya kuma ba ta biyuwa. Aka dawo da shi zaure aka shimfiɗe, kwamfutar tana ta huci a gefe.

Is'haƙa ya zauna wajen kansa. Ya ga mutuwa da yawa, ya san idon mai tafiya.

Marwan ya kira matarsa. "Radiyya, ɗauko biro."

Ta zo da biro da kwalin magani. Ya fara faɗa, kalma ɗaya, ya huta, kalma ɗaya. Tana rubutawa. Da ya kai ta bakwai, murya ta fara shaƙewa.

Is'haƙa ya dafa masa ƙirji. "Bar wanga zance, ɗana. Ce la'ilaha illallahu."

"Baba, saura biyar," in ji Radiyya. "Don Allah, biyar ɗai."

"Yi shiru, ɗiyata. Musulmi ba shi cikawa da Turanci a baki."

Marwan ya dubi matarsa, ya dubi tsohon. Ya yi kalmar shahada sau biyu. Ta ukun bai ƙarasa ba.

Abbas, ƙanen mamacin, ya kai kwalin har garin Isa wurin masana harkar. Suka ce bakwai ba sa buɗe komai. Dattawan masallaci kuwa suka yaba wa Is'haƙa, suka ce ya ceci Marwan. Shi ma bai ce ya yi kuskure ba, ko a ransa.

Bayan sadakar bakwai Is'haƙa ya ga 'ya'yan Marwan biyu suna lasar tukunya a ƙofar gida. Ya shiga rumbunsa ya cika kwando da gero, ya ɗauko da kansa, yana tsayawa yana haki. Ya yi sallama sau uku. Radiyya ta fito cikin mayafin takaba, ta tsaya a bakin zaure, idonta a ƙasa.

"Ga hatsi. Ki dama ma yara kunu."

Ta dubi kwandon, ta dubi ƙafafunsa.

"Mai da abinka, Baba. Ba ni karɓa."