Maganin Idon Mmi Hadda

Bushaib bai bi layi ba. Ya ratsa mutane ya dafe kantar gidan waya da hannu biyu yana haki, rasit ɗin shekaranjiya a dunƙule cikin tafinsa.

"Lalla Najat, don girman Allah, ƙunshin da na aika, a tsayar da shi."

"Kai ɗan'uwa, mu gumaka ne a nan?" in ji wani tsoho daga baya. "Tun ƙarfe takwas muke tsaye."

Lalla Najat, ma'aikaciyar da ke bayan kanta, ta leƙo shi ta saman tabarau. Ba ta manta fuska.

"Kai ne mai ruwan sigari."

Shi ne kuwa. Ranar Litinin ya zo mata da kwalabe uku na ruwan sigarin lantarki zai aika wa ƙanensa Larbi, masunci, wanda likita ya raba da taba bayan ciwon ƙirji. Wani mai shago ne a unguwarsu, nan Kazablanka, yake haɗa ruwan da kansa, ba suna ba rubutu. Ta juya kwalaben ta turo masa abinsa. Ta ce sai a kwalbarsa ta asali wadda ba a ɓalle ba, mai rubutu a jiki da murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, a naɗe da auduga cikin leda a liƙe, sannan a rubuta gaskiyar abin da ke ciki. Bushaib ya fita yana ƙunƙuni, wai mutum da kuɗinsa sai an koya masa ɗaurin kaya.

Shi kuma Bushaib tela ne, irin mutanen nan da ke ganin duk wata doka an kafa ta ne don marasa dabara. Kowane wata yana aika wa mahaifiyarsu, Mmi Hadda, wadda Larbi yake zaune da ita a ƙauye, maganin ɗigawa a ido kwalba uku. Sai ya karɓo kwalaben irin maganin da suka ƙare wurin wani maƙwabcinsa, ya wanke, ya ɗura ruwan sigarin, ya ɗiga jan farcen matarsa a gindin kowacce don Larbi ya gane nasa. Ranar Talata ya haɗa su da kwalaben magani ukun, ya bi ta wata taga daban, ya rubuta "maganin ido, shida" ya sa hannu. Har shayi ya saya wa kansa a hanya saboda jin daɗi.

Da safiyar nan ta Alhamis ya kira Larbi don ya faɗa masa. Wani mai sayar da ƙanƙara a bakin teku ne ya ɗauka, ya ce jirginsu Larbi ya fita tun jiya, sai bayan kwana huɗu, wayar ma a wurinsa ya bar ta.

Miluda, matar Bushaib, ta ajiye burodin da take yankawa. "To wa zai ga ɗigon jan farcen? Mmi da ba ta gane fuskata sai na yi magana?"

Wayar Mmi Hadda kuwa a kashe take cikin akwatin tufafi. Ranar Juma'a kaɗai take kunna ta, wai kada ta gaji. Bushaib ya bi sunayen da ke wayarsa kaf, bai sami lambar maƙwabcinta ko ɗaya ba.

Duk wannan ya zayyana wa Lalla Najat, jama'a na saurare. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

"Innalillahi," in ji tsohon nan. "Garin neman gira za ka rasa ido, kuma idon ma na uwarka."

"Haj, ka bar shi haka," ta ce, idonta a kan na'ura. "Kai kuma, da ka zaci don in wahalar da kai na hana? Wannan ruwan guba ne in ya shiga inda bai kamata ba. Ƙaryar da ka sa wa hannu za mu yi maganarta in ka dawo."

Ta kira reshen da ke kusa da ƙauyen. Aka ce ƙunshi ya iso, yana jakar Si Mbarak mai raba wasiƙu, shi kuma ya hau babur tun da safe. Ta kira Si Mbarak sau uku, ba ta shiga. Ƙauyukan kwarin nan waya ba ta kamawa.

"Yaushe yake isa gidanku?"

"Bayan azahar."

Ta dubi agogon bango. "To me kake jira?"

A tasha ya tarar da tasi mai cin mutum shida, saura biyu. Ya biya kujerun ya ce a tafi. Direban, wani mai gashin baki, ya ƙare masa kallo.

"Haihuwa ce ko rasuwa?"

"Ka dai taka, ɗan'uwa."

"In na taka, ɗan sanda zai taka ni. Motar nan ta girme ka, sai an lallaɓa ta."

Tafiyar awa huɗu ce. Bushaib ya zauna a gaba, gwiwarsa na kaɗawa, yana ta kiran wayar da ya san a kashe take. Ya san halin tsohuwar, ba ta barin ƙunshi ya kwana a ɗaure. Kowace Juma'a takan ce masa, "Na sa magani, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Kwalba shida, uku magani uku guba, duk kamanni ɗaya. Ya yi ta lissafin wacce hannunta zai fara taɓawa. Da suka tsaya shan mai ya ji kiran sallar azahar daga wani masallacin gefen hanya, sai hawaye suka zubo masa.

"Ka yi salati," in ji wata mata daga baya, ta miƙo masa lemo. Bai iya ɓarewa ba.

Daga kan titi zuwa ƙauyen da gudu ya yi shi, ta tsakanin katangun duwatsu. A bakin rijiya ya ci karo da Si Mbarak yana fitowa a kan babur.

"Bushaib? Kai ne da kanka? Yanzu na miƙa wa Mmi saƙonka, da na sani da na bar maka wahalar."

Bushaib ya wuce shi da gudu. Ya banke ƙofar gidan.

Tana zaune a tsakar gida kan tabarma, kwalin a buɗe a cinyarta, tana shafa kwalaben ɗaya bayan ɗaya da yatsu.

"Mmi, kada ki sa! Kin sa?"

Ta ɗago kai wajen muryar. "Bushaib?"

Ya durƙusa ya riƙe fuskarta yana duba idanun. Babu ja, babu kumburi, sai farin hazon nan da ya ƙara kauri. Ya kifa kwalaben, ya zare uku masu alama ya cusa a aljihu. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

"Me ya faru? Miluda lafiya? Kana wari kamar wanda ya yi dako."

"Lafiya lau. An yi kuskure ne a maganin. Na ji tsoro kada ki riga ni."

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda aka kama. "Ai da ba ka wahalar da kanka ba. Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado, ɗauko min gwangwanin biskit."

Ya ɗauko ya buɗe. Cike yake da kwalaben maganin ido, a jere, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Wasu lokacinsu ya wuce tun bara.

"Mmi, mene ne wannan? Kowace Juma'a kina ce min kin sa."

"Na gwada da farko. Hannun nan rawa yake, sai ya zube a kumatu. Larbi kuwa kafin in tashi ya fita, in ya dawo hannunsa duk ƙarnin kifi. Na ce abu mai tsada haka ba zan yi ta zubar da shi ba." Ta lalubo gwiwarsa ta dafa. "Na ce in ka zo ka sa min, kai da hannunka ya saba da ramin allura."

Shekara biyu ke nan rabonsa da gidan. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi.

Ya tashi ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ya ɗauki sabuwar kwalba, ya karanta rubutun jikinta tun daga sama har ƙasa, ya ɓalle murfin. Sannan ya miƙe ƙafa ya kwantar da kanta a cinyarsa.

"Buɗe ido, Mmi. Kalli sama."

"Sau nawa ake sawa?"

"Safe da yamma."

"To," ta ce, ɗigon na gangarawa cikin idonta. "Na yamma fa, wa zai sa min?"