Inuwar Kudu

Lorraine ta riga ta goya tankin feshi lokacin da Dougie, abokin aikinta, ya nuna gangaren da haɓa.

"Daga can ƙasa za mu fara. Ciyawar feriwinkil ce, ta cinye wurin ƙaf."

Tun da aka ce yau dajin saman kwarin Huon, can kudancin duniya, za su yi feshi gabanta ke faɗuwa. A nan gidansu yake kafin gobarar daji, tana 'yar shekara bakwai. Wutar ta ci gidan, ta ci mahaifiyarta Wilma da ta koma ciki ɗauko kare. Ko ƙashi ba a samu ba. Daga baya katafila ta share wurin, hukuma ta maida shi gandun daji, itatuwan turare suka tashi suka rufe komai.

Abu ɗaya ya rage, wani faffaɗan dutse a gefen hanya. Mahaifinta Clem ya rantse shi ne matakin ƙofar kicin, kuma duk shekara nan suke zuwa su ajiye fure. Yanzu yana gidan tsofaffi, ido ya tafi, huhu ya gaji. Magana ɗaya yake nanatawa: in ya mutu, a ƙone gawarsa a zuba tokar a gindin dutsen, kusa da matarsa. Likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti.

"Yau kuma wa ya taɓa ki?" in ji Dougie. "Ko shayin ne bai ji sukari ba?"

"Kai dai ja tumbinka mu je."

Suka wuce dutsen suka gangara. Watan Satumba ne, sanyi ya fara sakin ƙasa, amma inuwar nan ƙasa har yanzu tana shiga ƙashi. Ga feriwinkil ya yaɗu kamar an shimfiɗa bargo, ganye na sheƙi, shuɗin fure ko'ina. Shegiyar ciyawa ce, kowa a aikin ya sani. A yanke ta ta tsiro, a ƙone ta ta dawo. Matan da suka shuka ta don kwalliya sun daɗe a ƙasa, ita kuwa tana nan tana shaƙe tsiron daji. Lorraine ta kashe ta a wurare da yawa, ko a jikinta.

Ta ɗaga bakin feshin, sai ta tsaya. Ta gefen sama furen ya yanke a miƙe, kamar an ja zare. Ciyawa kuwa ina ta san layi? Ta sa takalmi ta kwashe ruɓaɓɓen ganye, ta ji tauri. Tsohon siminti ne, tushen bango. Ta bi shi a hankali har inda ya katse, ƙasa ta lotsa daidai faɗin ƙofa, sannan ya ci gaba.

A nan ta ji ƙaurin hayaƙi. Tsigar jikinta ta tashi. Har ta waiwaya, don ta ji kamar an kira ta daga bayanta, da irin kiran nan da ake jan sunan a ce abinci zai huce.

"Dougie, ka ji ƙauri?"

"Ƙaurin me? Daji jagab da ruwa haka?"

Ta ciro waya ta kira gidan tsofaffi. Aka daɗe kafin a kara wa tsohon a kunne.

"Baba, shuɗin furen nan na Mama, a ina ta shuka shi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wilma ke nan. Bangon arewa ta fara kai shi, wai a ƙasarsu Holan ta arewa inuwa take. Na ce mata, baiwar Allah, nan ta arewa rana ke bi. Ta ce daga ni har ranar ba mai hankali. Ai kuwa ya ƙone ƙurmus, maƙwabta suka sha dariya. Shi ne ta maida shi kudu, gindin bangon kicin, dama da hagun dutsen." Ya ja numfashi da ƙyar. "Can kike? Dutsen na nan?"

"Yana nan, Baba."

"To, ki gaishe ta."

Ta ɗaga kai. Can sama, da nisa, dutsen na zaune a rana, kwalbar furen bara na jingine da shi. Ashe katafila ce ta ture shi. Tsohon bai yi kuskuren dutse ba, wurin ne ba shi ba. Shekara da shekaru suna tsayawa suna yi wa gefen hanya magana, mahaifiyarta kuwa tana nan ƙasa cikin sanyi ita kaɗai. Baƙin ciki ya tokare Lorraine, da haushin da ta rasa wanda za ta sauke wa. Kuma da ta matsa feshin nan ɗazu, kafin wata ya ƙare babu sauran shaida.

Ta sauke tankin. Ta gaya wa Dougie komai a taƙaice, yana tsaye baki sake.

"Ɗauko dogon ƙarfen nan a mota, da igiya."

"Bayana fa, Lorraine. Likita ya hana ni ɗaga ko kwandon wanki."

"Gangare ne. Turawa kawai za ka yi."

Ya tafi yana ƙunƙuni, amma ya ɗauko. Suka ɓamɓare dutsen suka rinƙa jansa kaɗan-kaɗan, yana kartar ƙasa, Dougie na tsine wa katafila da mai tuƙa ta. Sai bayan tsakar rana suka kai shi bakin furen. Suka juya shi sau ɗaya, suka saki. Ya zauna daram a cikin lotsawar, siminti ya kama shi dama da hagu.

Dougie ya cire hula. Lorraine ta hau ta ɗauko kwalbar, ta zubar da busasshen furen, ta tsinki shuɗin ta cika ta. Ta zauna a kan dutsen, bayanta na kallon inda kicin yake a da. Ta shaƙi iska, ba ta ji komai ba sai danshin ƙasa.

Can Dougie ya taɓa tankin da ƙafa, murya ƙasa-ƙasa.

"Feshin fa? In oga ya tambaya me zan ce?"

Ta dubi furen da ya kewaye ƙafafunta.

"Ka ce sai bayan Kirsimeti."