Idon da Aka Saya wa Jirgin Yazid

Shekara ashirin da bakwai Malam Sada yana hawa soron mutane a Daura, kuma bai taɓa ɗora ƙafa a kan tsani ba sai ya tsaya a lungu ya ɗaga murya sau uku: "Maƙwabta, a kimtsa, za a hau sama." Haka ya ga mahaifinsa yana yi. Gidajen unguwarsu katanga ce kawai ta raba su, tsakar gida a buɗe, makewayi ba rufi, duk wanda ya hau soro ɗaya ya ga cikin gida biyar. Shi ya sa magidanta ba sa ba kowane magini yaɓen soro. Akwai waɗanda suka fi Malam Sada sauri, akwai ma waɗanda suka fi shi hannu, amma da zarar bazara ta yi nisa an fara hango hadari ta gabas, shi ake aika wa. An san idan yana sama idonsa na kan ƙasar da yake yaɓawa. Da wannan yardar yake ci da gidansa, don ba shi da gonar kirki, ba shi da wata sana'a.

Ɗansa na fari, Yazid, bai gaji ginin ba. Gyaran waya yake yi a wata rumfa a kasuwa, kuma ana yaba hannunsa. Tun wajen wata uku da suka wuce ya fara shigowa gida da tarkace. Ya samo ragowar alminiyon taga ya yanka ya gicciya su, ya ɗaura ƙaramin inji a kowane baki, huɗu ke nan, kowanne da fankarsa. Wani direban motar Kano yakan kawo masa ƙullin kaya a leda, ya shige ɗakinsa na zaure ya turo ƙofa, sai dai a ji warin dalma.

Malam Sada bai tambaye shi komai ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya zaunar da shi su yi dogon zance. Amma yana jin rediyo kamar kowa. Ya ji labarin jirage marasa matuƙi da ake leƙen daji da su, ya ji labarin samarin da aka kama a wasu garuruwa ana zargin suna kai wa mutanen daji rahoto. Wa yake aiko wa yaron nan kaya daga Kano? Da wa yake magana a waya yana zana abubuwa a takarda? Da ya gaya wa matarsa Maimuna damuwarsa, ta ce ya bar yaro ya yi wasansa, ai gara ya zauna a gida yana ƙona yatsu da ya zauna a bakin titi. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba.

Ranar da Yazid ya fito da abin tsakar gida, ashe ɗan ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, amma bai tashi ba. Wata 'yar fitila ja ce kawai take ta ƙiftawa a bayansa. Yazid ya riƙe rimot ɗin da hannu biyu, mai sanduna biyu ƙanana da ake turawa da babban yatsa, ya tura sama ya tura ƙasa, shiru. Ya gaya wa uwarsa cewa jirgin da rimot ɗin ba su san juna ba tukuna, sai an haɗa su fitilar ta daina ƙifce sannan ɗaya zai ji maganar ɗaya. Maimuna ta ce to a kai musu goro mana a yi gaisuwa. Kwana uku yana fama kafin fitilar ta tsaya cak.

Da ta tsaya, fankokin suka ɗauka da ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Jirgin ya ɗaga kamar taku ɗaya, ya wuntsila, ya tsinke igiyar shanya, ya faɗa cikin kwanon tsakin kaji. Kajin suka watse. Yazid ya durƙusa yana dubawa, can ya gano cewa inji ɗaya yana juyawa ta inda bai kamata ba, don biyu dama ya kamata su yi, biyu hagu. Ya kwance waya biyu ya sauya musu wuri, ya liƙe. Malam Sada yana alwala a gefe, yana kallon komai ta wutsiyar ido. Abin da ya tsaya masa a rai wani ɗan baƙin abu ne zagayayye da ke manne a goshin jirgin, mai rami a tsakiya.

Ranar Alhamis da hantsi ya shiga ɗakin Yazid neman filayarsa da yaron ya ara. Bai ga filayar ba. A bayan katifa ya ga gwangwanin madara, a ciki an naɗe wani abu da auduga. Bai fi kan babban yatsa ba, da 'yan wayoyi uku, da gilashi mai sheƙi a gaba. Ko shi da bai yi boko mai zurfi ba ya san kyamara idan ya gani. Ya daɗe a tsaye da ita a tafin hannu. Me ya sa aka ɓoye ta a bayan katifa, alhali sauran kayan suna zube a fili? Ya sa ta a aljihun rigarsa, ya mai da gwangwanin inda yake, ya tafi wurin aiki. Ranar sau biyu yana kwaɓa ƙasa ruwa ya yi yawa.

Bayan la'asar yana dawowa, ya shawo kwanar lungunsu ke nan, sai ya ji ƙugin nan. Ya ɗaga kai. Ga jirgin ya haura katangar gidansa, yana lilo a sama da kan kowa, kuma babu wanda ya yi shela, babu wanda ya ce a kimtsa. Jirgin ya ƙara sama, ya karkata yamma kamar an ja shi da zare, ya haye gida biyu, ya sulala cikin gidan Alhaji Dabo. Aka ji ihun mata da ƙarar kwanoni.

Yazid ya fito a guje ba takalmi, rimot a hannu. Da ya ga mahaifinsa ya tsaya, ya ce wallahi iya tsayin mutum ya yi niyya, da jirgin ya yi sama ne ya daina jin rimot ɗin.

Alhaji Dabo dillalin shanu ne, gidansa ya fi kowane girma a unguwar, soro bakwai, kuma jibi Asabar Malam Sada zai fara yi masa yaɓe kamar kowace shekara. Inda Alhaji ya kai aikinsa, nan sauran magidanta suke kaiwa. Kafin su isa ƙofar gidan mutane sun fara taruwa. Aka shigar da su zaure. Uwargidan Alhaji, Hajiya Siddiƙa, ta kifa wa jirgin kwando ta ɗora turmi a kai, kamar kazar da za a yanka, a haka aka fito da shi. An ce kusa da makewayi ya faɗi, kuma akwai mutum a ciki.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya juya jirgin da bakin sandarsa, ya nuna baƙin abin nan na goshi, ya tambayi Yazid mene ne wannan. Yazid ya durƙusa ya ce ƙararrawa ce, idan jirgin ya faɗi a ciyawa ita ke kuka a gane inda yake. Ya taɓa wani maɓalli a rimot, abin ya yi tsuwa kamar ɗan tsako. Wasu a bakin ƙofa suka yi dariya, wani ya ce ai wayarsa ma tana kuka kuma tana ɗaukar hoto. Yazid ya kwance abin ya miƙa, aka yi ta juya shi hannu zuwa hannu, kowa ya kanga a ido, ba wanda ya iya cewa ga abin da yake.

Sai Alhaji ya juyo wurin Malam Sada.

"Ni ban san waya ba, ban san yaran yanzu ba. Kai na sani, Sada. Shekara nawa kana hawa kaina ban taɓa cewa iyalina su shige ɗaki ba. Ka gaya mini, abin nan yana da ido ko ba shi da shi?"

Malam Sada ya ji nauyin abin da ke aljihunsa. Idan ya ce babu, bai yi ƙarya ba, don yanzu ya tabbata na goshin ƙararrawa ce, idon kuwa tun hantsi yana tare da shi. Da kalma ɗaya za a watse, Asabar ya kafa tsaninsa. To amma gobe fa? Direban Kano bai daina zuwa ba. Ranar da aka ga jirgin nan da ido, za a ce Sada ya sani ya rufe. Kuma shi kansa bai san abin da yaron yake son gani ba.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, ya ajiye a kan tabarma.

"A jikinsa babu, Alhaji. Amma ga wanda aka saya masa. Yau na tsince shi a ɗakin yaron nan."

Yazid ya kalli kyamarar, ya kalli mahaifinsa, ya sunkuyar da kai. Da Alhaji ya ce ya yi magana, sai ya ce bai taɓa liƙa ta ba, ya ɓoye ta ne don ya san Baba ba zai so ba. Niyyarsa idan jirgin ya ƙware a riƙa duba gona da shi, a ga inda tsutsa ta fara, ko a nemo dabbar da ta ɓace, ko ma a duba tsagar soro da toshewar indararo kafin a kafa tsani.

"Madalla," in ji Alhaji. "Uban yana sama idonsa a ƙasa, ɗan yana ƙasa idonsa a sama. Gidan naku ya haɗa komai."

Ya tura jirgin da sanda zuwa gaban Yazid, ya ce kada ya sake jin ƙuginsa a cikin unguwa. Kyamarar kuwa ya ce Sada ya riƙe, tunda shi ya fito da ita. Da Malam Sada ya yi ƙarfin hali ya tambayi zancen Asabar, Alhaji ya ce zai neme shi.

Asabar ta zo ta wuce, ba aike. Mutum biyu da suka yi masa maganar yaɓe suka ce a ɗan dakata. A gida Yazid yana gaishe shi safe da yamma, daga nan ba ƙari. Maimuna ta ce ya tona wa ɗansa asiri a gaban jama'a, da ya kira shi gefe tun da hantsi da ba a kai ga haka ba. Ya san da gaskiya a maganarta.

Ranar Litinin bayan ya dawo daga masallacin asuba ya tsaya a ƙofar ɗakin zaure, ya ce, "Kai, ɗauko abin naka." Suka hau babur suka fita bayan gari, wani fili da ba a yi sharar gona ba tukuna, ba gida ko ɗaya sai itatuwan gawo. A hanya ne Yazid ya buɗe baki, ya ce ya gano matsalar: siririyar wayar da jirgin yake jin rimot da ita ce batir ya danne. Ya fito da ita ya tsayar a cikin tsinken alewa, ya kuma saita shi yadda idan ya daina ji zai sauka a hankali maimakon ya yi gaba. Ya ajiye jirgin, ya ce Baba ya tsaya kusa da shi ya ga ko fitilar za ta ƙifta, shi kuma ya yi ta ja da baya da rimot har ya zama ɗan mitsitsi. Ba ta ƙifta ba.

Da ya dawo ya ɗora yatsu a kan sandunan, Malam Sada ya ce ya dakata. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya ɗaga murya: "Maƙwabta, a kimtsa, za a hau sama." Ba kowa a filin sai wasu awaki. Yazid ya danne dariya har kafaɗunsa suna motsi, amma ya jira aka cika uku.

Jirgin ya tashi tsaye, bai wuntsila ba. Ya kai tsayin gawo ya tsaya a iska kamar an rataye shi. Yazid ya tura dama ya yi dama, ya kira shi ya dawo, ya sauke shi a gabansu a kan ƙafafunsa huɗu. Sau biyar yana yi har batir ya yi sanyi. Malam Sada ya ce ba laifi. Yana faɗa yana lura da fuskar yaron, yana so ya gane ko gonar ce da gaske a ransa. Murna kawai ya gani, kuma ya san murna ba ta nuna komai. Yazid bai tambayi kyamarar ba, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Ranar Laraba aka aiko daga gidan Alhaji Dabo, don hadari ya fara haɗuwa. Malam Sada ya kwaɓa ƙasarsa, ya jingina tsani, ya yi shelarsa sau uku, ya hau. Da ya kai sama bai ji motsin kowa ba, ba daka, ba surutun yara, an rufe kowace ƙofa. Ranar kuma ranar da Alhaji ya saba tafiya kasuwar shanu ce, amma sai ya ji ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ji gyaran muryar da ya sani. Alhaji ne ya zauna a inuwar ɗaki, inda zai riƙa ganin saman soron.

Malam Sada ya durƙusa ya fara daga bakin indararo. Duk sa'ad da ya sunkuya, ɗan abin da ke aljihunsa sai ya tokare shi a cinya. Bai ɗaga kai ba har aka kira azahar.